Cinikin Suhaibu: Darasi Ga Wanda Ya Rasa Komai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a cikin al'ummarmu akwai waɗanda gobarar Kasuwar Monday ta Maiduguri ta cinye dukiyarsu a 2023, da waɗanda ambaliyar Alau ta raba da gidajensu a 2024. Abin da muke tsorace wa mai irin wannan jarrabawa shi ne yanke ƙauna, ko zuwa wurin boka, ko mayar da roƙo sana'a. Don haka muke tunatar da juna labarin Suhaibu ɗan Sinan, Allah Ya yarda da shi.

Suhaibu Balarabe ne, amma an kama shi bawa yana yaro, ya tashi a hannun Rumawa. Daga baya ya samu 'yanci a Makka, ya tara dukiya. Da ya tashi yin hijira a shekarar 622, sai Ƙuraishawa suka tare shi, suka ce ya zo musu yana faƙiri, ba zai fita da abin da ya tara ba. Sai ya bar musu dukiyar duka, suka sakar masa hanya. Ya isa Madina hannu rabbana, amma Manzon Allah (SAW) ya yi masa albishir da cewa cinikinsa ya yi riba.

Ku lura, sau biyu aka 'yanta bawan Allahn nan: da farko daga hannun mutane, sannan daga hannun dukiya. Na biyun ya fi girma, domin wanda zuciyarsa ke ɗaure da abin hannunsa, duk mai iya ƙwace abin zai iya juya shi. Talaucin kuwa bai rage masa daraja ba. Lokacin da aka soki Sayyidina Umar a shekara ta 23 bayan hijira, Suhaibu ya umarta da ya yi wa mutane limanci har a zaɓi halifa.

Wannan ba kira ne zuwa ga zaman kashe wando ba. Abdurrahman ɗan Aufu ma ya isa Madina ba shi da komai. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, amma ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, ya fara da cuku da man shanu har Allah Ya buɗa masa.

Saboda haka wanda ya yi hasara ya binciki abin da wuta ba ta ci ba: imaninsa, da iliminsa, da amanar da aka san shi da ita, ya sake farawa komai ƙanƙantar jari. Mu kuma da Allah Ya tsare, mu ranta masa, mu jinkirta masa bashi.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka rasa da mafi alheri. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.