Kwaɗon da Ciwon Daji Ke Garƙama wa Ƙwayoyin Gado



Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000, kuma na cikin hanta su ne na cikin ido. Abin da ya sa hanta ta zama hanta shi ne waɗanda aka buɗe mata da waɗanda aka rufe. Jiki yana rufewar ne da wani ɗan sinadari mai suna metil, wanda yake liƙawa a bakin ƙwayar gado, sai ta yi shiru alhali rubutunta bai taɓu ba. A cikin ƙwayoyin gadon akwai waɗanda aikinsu tsawatarwa ne, su hana ƙwaya hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, su umarce ta ta mutu idan ta lalace. Ciwon daji ba ya samun gindin zama sai ya kawar da su, kuma hanyoyinsa biyu ne. Ku ɗauki shago a kasuwar Makarfi: wanda gobara ta cinye da wanda aka garƙame da kwaɗo duk ba a ciniki a cikinsu, amma na biyun kayansa suna nan. Lalacewar rubutu ita ce gobarar, shirun da metil ke jawowa shi ne kwaɗon.

Masana sun daɗe hankalinsu na kan gobarar kaɗai. A 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein suka nuna a Amurka cewa tsarin metil a ƙwayoyin daji ya rikice, a 1989 kuma wasu masana a Jamus suka tarar da mai tsawatarwa RB a rufe cikin dajin ido na yara. Mabuɗin ma ya riga ya samu. Tun 1964 aka haɗa maganin azasitidin a birnin Furag, a 1980 Peter Jones da Shirley Taylor suka gano cewa yana hana liƙa metil, a 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wata cutar ɓargo da kan rikiɗe ta zama dajin jini. Wannan babban abu ne, bai kamata a raina shi ba. Sai dai matsayata ita ce, a yankinmu na Ikara da Makarfi da Kudan wannan ilmin ya fi nuna mana hanyar rumbu da ɗakin haihuwa fiye da hanyar kantin magani.

Dalilina dajin hanta ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Wannan ƙwayar cuta tana fitar da wani furotin da ke zaburar da masu liƙa metil, shi ya sa ake yawan samun masu tsawatarwa irin su p16 da RASSF1A a rufe cikin hantar da daji ya kama. Abokin tafiyar ƙwayar cutar kuwa a buhunanmu yake. Masarar da aka ɗure da sauran laima aka jingina buhun a kan daɓe, da gyaɗar nan motsattsiya mai ɗaci da ake tsincewa a sayar da arha don ƙuliƙuli ko a zuba wa kaji, su ne gidan hunhunar da ke fitar da gubar aflatoksin, gubar da aka gano bayan ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960. Tafasa ba ta kashe ta, suya ma ragewa kawai take yi. Ita gobara take tayarwa, domin tana ɓata rubutun mai tsawatarwa p53 a wuri guda sananne, kamar yadda aka nuna a 1991 a marasa lafiya na Sin da kudancin Afirka. Wani bincike a Shanghai ya nuna wanda ya haɗa cutar da gubar haɗarinsa ya ninka kusan sau 60. Daga Gambiya kuma, a 2015, an ga tsarin metil ya sauya a jinin jariran da iyayensu mata suka ci gubar da ƙaramin ciki.

Wani zai ce, tunda kwaɗon yana buɗuwa, a jira magani mana. Amsar tana cikin tarihin maganin kansa. A babban gwajin da aka wallafa a 2009, azasitidin ya kai matsakaicin tsawon rayuwar masu cutar ɓargo daga wata 15 zuwa wata 24 da ɗoriya. Allura ce ta kwana 7 duk wata, kuma idan aka daina cutar takan dawo. Mabuɗin ba ya zaɓen ƙofa, yana iya buɗe wadda rufewarta ce alheri. A dajin da ke yin ƙulli, irin na hanta da mama, sakamakonsa bai taka kara ya karya ba. Sannan manomin Hunkuyi yakan isa asibitin koyarwa na Shika ne bayan ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, lokacin da kwaɗo da gobara sun haɗu. Duk wanda ya tsaya da lasifika ranar kasuwa yana cewa sassaƙensa na farkar da ƙwayoyin gado, ku tambaye shi a kan mutum nawa aka gwada, a wane asibiti.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma daga masana yake fitowa: ganin metil a hantar da ta kamu bai tabbatar da cewa shi ya fara kawo cutar ba, yana iya zama sawun da ta bari. Haka ne, binciken Gambiya ma alaƙa ya nuna, bai nuna sanadi ba. Amma matakin da nake kira a ɗauka bai rataya a kan wannan muhawara ba, domin an gwada shi a kan al'umma sukutum. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin nau'in B a 1984, dajin hanta a yara ya ragu ƙwarai. A gundumar Cidong ta ƙasar Sin, mutane sun bar masara suka koma shinkafa a shekarun 1980, gubar ta ragu a jininsu, mace-macen dajin hanta a matasa suka bi ta.

Mu ba za mu bar masara ba, kuma babu bukata. Shanya a kan tamfol har ƙwayar ta yi ƙaras a haƙori, ɗora buhu a kan katako, da zubar da gyaɗar da ta canja launi, duk suna hannun manomi, ko da yake na san zubarwa tana da ciwo ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma ba za ta ɗore ba sai 'yan kasuwa sun fara biyan hatsi mai tsabta da daraja. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona makonni 2 zuwa 3 kafin masara ta yi bunni. Rigakafin ciwon hanta nau'in B kuwa yana cikin jadawalin ƙasa tun 2004, kuma kyauta ne. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, 9 cikin 10 cutar takan zauna musu har girma, shi ya sa ake son allurar farko cikin awa 24. Matanmu da yawa a gida suke haihuwa, ba a fita da jariri sai bayan suna, don haka aikin yana wuyan ungozoma da mai unguwa su kai labari asibitin gunduma a ranar, ma'aikacin lafiya kuma ya je gidan da allurar a akwatin sanyi.