Ma'aunin Musulmi a Kan Saɓanin Alƙur'ani da Baibul



Muna farawa da sunan Allah, muna roƙon tsira da amincinsa su tabbata ga Annabi Muhammadu da annabawan da suka gabace shi. Batun da aka ɗora mana a yammacin nan shi ne yadda Musulmi ke kallon saɓanin da ke tsakanin Alƙur'ani da Baibul. Abin da ya kawo maganar kuwa kowa na ganinsa a ɗakunan kwananmu. Musulmi da Kirista na zaune ɗaki ɗaya, suna aron littafin juna, amma da zarar hira ta faɗa kan littattafan addini sai murya ta tashi, wani lokaci har a yi mako ba gaisuwa. Idan aka bincika, sai a tarar kowannensu bai san littafin abokinsa ba, sau da yawa ma bai san abin da malaman nasa addinin suka faɗa ba.

Abu na farko, Musulmi ba ya cika Musulmi sai ya yi imani cewa Allah Ya saukar da Attaura ga Annabi Musa, da Zabura ga Annabi Dawuda, da Linjila ga Annabi Isa. Suratul Ma'ida ta bayyana Alƙur'ani a matsayin mai gaskata littattafan da suka rigaye shi, kuma mai tsaro a kansu. Watau a wurinmu shi ne ma'auni, da shi ake auna sauran.

Abu na biyu, littattafan biyu ba ƙirarsu ɗaya ba. Alƙur'ani surori 114 ne, ya sauka ga mutum ɗaya, da harshe ɗaya, cikin shekara kusan 23. Baibul kuwa tarin littattafai ne, 66 a wurin Furotesta, 73 a wurin Katolika, waɗanda marubuta da yawa suka rubuta cikin ɗaruruwan shekaru, da Ibrananci da Girkanci da ɗan Aramiyanci. Linjilar da muke nufi wahayi ne da aka ba Annabi Isa. Abin da ke hannun Kirista kuwa labaru huɗu ne na rayuwarsa da maganganunsa, na Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, waɗanda a idonmu suka fi kama da sira da hadisi. Shi Kirista bai ɗauki wannan aibi ba, domin a wurinsa Almasihu kansa shi ne Kalmar Allah, littattafan kuwa shaida ce game da shi. Ka ga ke nan, mu da su muna cewa "maganar Allah" da Hausa ɗaya, amma kowa da inda ya dosa, kuma daga nan mafi yawan gardamarmu ke ɓacewa.

To, yaya malamanmu suka yi da abin da ke cikin Baibul? Ibn Kasir, wanda ya rasu a 1373, ya kasa labaran Ma'abota Littafi kashi uku a gabatarwar tafsirinsa, yana bin sawun malaminsa Ibn Taimiyya. Kashi na farko shi ne abin da Alƙur'ani ya gaskata, kamar haihuwar Annabi Isa ba uba, da jefa Annabi Yusufu a rijiya, da tsallake teku na Bani Isra'ila. Wannan mun karɓa. Kashi na biyu shi ne abin da ya ci karo da Alƙur'ani, kuma nan ne saɓanin gaske yake. Baibul ya ce an gicciye Almasihu, Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Kirista na kiransa Ɗan Allah, mu muna kiransa bawan Allah kuma manzonsa. Littafin Fitowa ya ce Haruna ne ya ƙera ɗan maraƙin zinariya, Suratu Ɗaha ta ɗora laifin a kan Samiri. Haka nan abin da aka jingina wa Annabi Nuhu da Annabi Luɗu da Annabi Dawuda na manyan laifuka, Musulmi ba ya karɓa, domin mun yi imani Allah na tsare annabawansa. Kashi na uku shi ne abin da Alƙur'ani ya yi shiru a kansa, kamar sunaye da adadin shekaru. Wannan, bisa hadisin da Buhari ya ruwaito, ba ma gaskatawa, ba ma kuma ƙaryatawa, gudun kada mu ƙaryata abin da asalinsa daga Allah yake.

Sa'an nan ga kalmar da muka fi yawan jifa da ita, watau tahrifi, canza littafi. Ya kamata mu sani malamanmu sun yi saɓani a kan irin canjin. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a kan cewa lafazin ne aka taɓa, ya kuma jera wuraren da yake gani nassin ya saɓa wa kansa. Ibn Haldun kuwa ya karkata ga cewa canjin ya fi yawa a fassara da tawili. Biƙa'i, wanda ya rasu a 1480, ya riƙa kawo nassin Baibul cikin tafsirinsa, da aka soke shi a Alƙahira sai ya rubuta littafi guda don kare kansa. Ko batun ɗan da aka umurci Annabi Ibrahim ya yanka, Littafin Farawa ya ce Isiyaku ne, Suratus Saffat ba ta ambaci suna ba, kuma Ɗabari ya zaɓi Isiyaku, ko da yake mafi yawan malamai, har da Ibn Kasir, sun tsaya a kan Isma'ila. Idan manya irin waɗannan sun bambanta cikin ladabi, ina dalilin ɗalibin aji biyu na yin izgili?

Binciken tsoffin rubuce-rubuce ma ya ba kowane ɓangare abin tunani. Masana Kirista da kansu ne suka nuna cewa ayoyi 12 na ƙarshen Markus ba su cikin manyan kwafe-kwafen ƙarni na huɗu, kuma irin wannan hujja ce Shaihu Rahmatullah Kairanawi ya riƙe a muhawararsa da Pfander a garin Agra na Indiya a 1854. Amma adalci ya sa mu faɗi cewa littafin Ishaya da aka samu a kogunan gefen Tekun Gishiri a 1947 ya yi kusa ƙwarai da nassin da aka kwafa shekara kusan dubu bayansa. Mai cewa komai na Baibul ƙage ne ya wuce gona da iri, ya kuma wuce inda malamanmu suka tsaya.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa da abu uku. Mu fara sanin namu littafin kafin mu taɓa na wani. Idan za mu faɗi abin da Kirista ya yi imani da shi, mu faɗe shi yadda shi kansa zai ji ya ce haka ne. Mu kuma tuna Suratul Ankabut ta hore mu da yin jayayya da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau, kamar yadda Annabi ya karɓi Kiristocin Najran a Madina, aka yi muhawara, aka rabu da yarjejeniya. Ba mu da uzurin rashin sani, domin Baibul cikakke ya fito da Hausa tun 1932, fassarar Alƙur'ani ta Malam Abubakar Gumi ta fito a 1979. Saɓanin da ke tsakaninmu na gaske ne, ba za mu ɓoye shi don neman a yabe mu ba, amma rashin yarda da maganar mutum bai halatta mana cin mutuncinsa ba.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa namu ne, muna roƙon malamanmu su gyara mana.