Addini a Fada: Daga Angkor zuwa Anka



An nemi in yi magana kan yadda addini ya gina dauloli a Asiya. Zan ɗauko zancen daga nesa, amma a gida zan sauke shi.

A ƙarni na 12 Sarki Suryavarman na Biyu ya gina Angkor Wat, a ƙasar Kambodiya ta yau, domin Vishnu, abin bautar 'yan Hindu. Ƙarnin bai ƙare ba Jayavarman na Bakwai ya hau gadon, ya karkata ga addinin Buddha, shi ma ya gina nasa wuraren bauta. Addinin fada ya sauya, buƙatar sarki kuwa tana nan, wato talakawa su yarda mulkinsa daga sama yake. Shi kuwa Musulunci a jiragen fatake ya isa tsibiran yankin. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Delhi, ya tarar da sarki Musulmi mai son zama da malamai a Samudra Pasai ta Sumatra wajen 1345. A ƙarni na 15 Malaka ta musulunta, dokokinta kuma shari'a ce gauraye da al'ada.

Wannan gaurayen ai mun san shi. Tarihin Kano ya ce Wangarawa suka kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, amma har zamanin Sarki Alwali ana yi wa Dirki yanka, alhali an ce Alƙur'ani ne aka naɗe cikin fatu. Ku dubi wannan da kyau: Littafin Allah ne, an mai da shi tsafin sarauta.

Zamfara ma haka ta daɗe, salla a fada, iskoki a bayan gida. Bayan Sarki Babari na Gobir ya ci Birnin Zamfara cikin shekarun 1760, gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka. Cikin wannan ruɗanin Shehu Usmanu ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kamar yadda ƙanensa Abdullahi ya rubuta a Tazyinul Waraƙati. A ganina nan ne bambancin yake. Sarakunan Angkor su ke zaɓa wa ƙasa addini, jihadin 1804 kuwa cewa ya yi shari'a tana bisa kan sarki. Ko an cika wannan a aikace, wata laccar ce daban.

Duk da haka tsohuwar sarauta ba ta mutu ba. Har gobe Sarkin Zamfara yana Anka, Sarkin Mafara yana Gummi, Sarkin Danko yana Bukkuyum.

Roƙona ga ɗalibanmu shi ne ku shiga fadojin nan uku da zaurukan malamai, ku rubuta abin da dattawa da makaɗan fada suka riƙe, ku ɗauki hoton tsoffin takardun ajami tun gara ba ta riga ku ba.