Ƙona Kara da Lafiyar Iyali: Jawabin Malamin Gona ga Manoman Jangebe

Yau ba batun iri ko taki ya tara mu ba, batun iskar da muke shaƙa ne.

Kowa a nan ya ga yadda damina ta canja hali. Ruwa ya makara, ko ya zo da ƙarfi ya ɗauke tun gero bai nuna ba. Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984. Zafi ma ƙaruwa yake yi, har masana suka ce tun da aka fara rubuta lissafin zafin duniya ba a ga shekara kamar 2024 ba. To, ƙasa in ta bushe, ba kara ba itace a kanta, iska ce ke kwashe ta, mu kuma mu shaƙe.

Ga inda laifinmu yake. Da an gama girbi sai mu tara karan dawa mu cinna wuta. Masu noman rani a Bakolori, wajen Talata Mafara da Maradun, haka suke yi wa karan shinkafa. Hayaƙin nan ya haɗu da ƙurar hunturu, sai tari, ciwon ido, mai fuka kuma ya kwana zaune. Abin da ya fi muni shi ne sanƙarau. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ba iska ba, amma busasshiyar iska mai ƙura tana raunata cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini. Shi ya sa yake tashi daga hunturu zuwa bazara, ruwa na sauka ya lafa. A 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan. Wanda ya ɓarke ƙarshen 2016 kuwa daga Zamfara ya fara, ya ci sama da rai 1,000. Ban ce wutar gonarka ce ta kawo shi ba, amma me zai sa mu ƙara wa ƙura hayaƙi?

Saboda haka kada ku ƙona kara. Ku ɗebi na dabbobi da na danga, saura a shimfiɗe shi a gona ya danne ƙasa, gara ta mai da shi taki. Wajen sassabe, in ka ga kututturen gawo ko kalgo ya yi toho, bar masa rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran. Manoman Maraɗi sun kama wannan dabara tun wajen 1983, ga gonakinsu nan sun cika da itatuwa.

Ranar sussuka da shiƙa a rufe hanci da rawani ko gyale, a ba iska baya, goyo kuma a bar shi gida.

In yaro ya yi zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, kada a jira gari ya waye, a kai shi asibiti. In an zo allurar rigakafi a fito da kowa. Mai son ganin yadda ake gyaran toho ya same ni a gona ranar Asabar da hantsi, ya taho da addarsa.