Kilishin Gida: Kada Naman Sallah Ya Ƙare a Kwana Uku

Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, da wadda ke ɗaki tana lallashin jariri, a matso da rediyo kusa, don yau maganar nama za mu yi.

Kowaccenmu ta san yadda gida yake ranar Babbar Sallah. Nama a kwano, nama a tukunya, na maƙwabta yana shigowa, namu yana fita. A soya, a ci, har yara su fara kawar da kai. Bayan mako guda kuma sai a koma miyar kuka ba ko ƙashi a ciki. Wani naman ma lalacewa yake yi, an dogara da firji, wuta ta ɗauke kwana biyu, a wayi gari yana wari. To 'yar'uwa, wannan asarar ita nake so mu toshe, kuma hanyar tana nan a tsakar gidanki: rana, gyaɗa da garwashi. Wato kilishi.

Wata za ta ce, ai kilishi aikin mahauta ne, sai irin su Agadasawa a birnin Kano. Gaskiya ne sun fi mu hannu, gadonsu ne. Amma mu ba na kanti za mu yi ba, na bakin iyalinmu za mu yi, kuma wannan ba ya gagarar mace. Wata kuma za ta tambaya, ya halatta a ajiye naman layya? Malamai sun karantar da mu cewa da farko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ajiye shi fiye da kwana 3 saboda mabuƙata da suka shigo Madina, daga baya ya ba da izinin a ci, a ciyar, a ajiye. Saboda haka ki fara fitar da na sadaka da na zumunci, abin da ya rage shi ne na tanadi.

Kafin mu ɗauki wuƙa, bari in gaya miki gaskiya game da lissafi, kada ki ce na ruɗe ki. Kusan kashi 3 cikin 4 na tsokar nama ruwa ne. Idan kin shanya kilo 1, abin da za ki kwashe ba zai kai rabin kilo ba sai da taimakon gyaɗar da za ki shafa masa. Shi ya sa kilishi ke da tsada a kasuwa. Abin da za ki rage shi ne ladan aikin mai yi da ribarsa, sannan babbar riba, naman da zai ruɓe ko a cinye shi don kada ya ruɓe, ya zama abin da za a riƙa gutsura har makonni.

To, wane nama? Tsoka zalla, ta cinya ta fi. Na sa ya fi daɗin aiki, amma cinyar rago ma tana yi. Idan saye za a yi, ki gaya wa maigida ko yaron da za a aika ya ce wa mahauci tsokar cinya ake so, ba kitse ba jijiya. In da hali ma ya roƙi mahaucin ya yanka shi falle-falle, a ba shi ɗan wani abu, an rage miki rabin wahala. Duk farin kitsen da kika gani ki cire shi, ki jefa a miya. Kitse ba ya bushewa, shi ne ke sa kilishi ya canja wari ya riƙa maƙaƙi a wuya.

Idan ke za ki yanka, a wasa wuƙar tukuna, ki wanke hannu da sabulu. Kada ki ce sai kin yi faffaɗa kamar tabarma irin na mahauta. Ki yanki gunduwa kamar dunƙulen hannunki, ki ɗora a faranti ko katako mai tsabta, ki riƙa buɗe ta da wuƙa a hankali kamar kina warware naɗin zane, har ta zama falle kamar tafin hannu ko ta fi. Sirrin duka yana nan: ya yi siriri har idan kin ɗaga shi sama ki ga hasken rana ta jikinsa. Mai kauri bayansa zai bushe, cikinsa yana ɗanye, can kuma tsutsa take samun gida. Sannu ba ta hana zuwa, ki kula da yatsunki.

Sai shanya ta farko. Ki fara da hantsi don ki samu ranar yini guda. Ki shimfiɗa a kan asabari ko sabuwar tabarmar kaba, inda iska za ta ratsa ta ƙasa, ki ɗaga shi sama daga inda kaji, awaki da kyanwa za su kai. Ki rufe da mayafi mai shara-shara wanda kika wanke, saboda ƙuda da ƙura, da shirwa mai kawo sura daga sama. Amma don Allah kada a rufe da gidan sauron nan mai magani, maganin na kashe ƙwari ne, bai kamata ya taɓa abinci ba. Idan saman ya ƙafe, ki ɓamɓaro shi ki juya. In magariba ta yi bai gama ba, ki shigar da shi ɗaki ki baza, kada raɓa ta sauka a kansa.

A nan sai mun lura da lokaci. Babbar Sallah tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. Daga 2005 zuwa 2008 a cikin hunturu ta riƙa faɗowa, iska busasshiya, nama ya bushe ba wahala. A 2024 da 2025 kuwa a watan Yuni ta zo, damina ta kawo kai. Saboda haka ki dubi sama kafin ki yanka. Idan hadari ya haɗu, kada ki yi caca da namanki, ki soya shi ko ki yi dambu. Kilishi na ranar da gari ya waye tas ne.

Yayin da nama ke shan rana, sai ki haɗa labu, wato ƙullun da ake tsoma shi a ciki. Na kilo 1, ki samu tunkuza kamar gwangwanin madara 2. In babu, ki daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi. Ki niƙa albasa babba 1, da tafarnuwa, citta, kanumfari kaɗan, masoro da barkono gwargwadon bakin gidanku, da gishiri da dunƙulen magi. Ki dama da ruwa mai tsabta ya yi kamar koko mai kauri, wanda zai kama cokali amma yana zuba. Ki ɗanɗana, don wani ƙulin da gishirinsa yake zuwa. Idan ke kike matse gyaɗarki, ki tsince ta da kyau, duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta motse ko ta yi fumfuna ki zubar. Irin wannan gyaɗar tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Nama ya bushe ya yi ƙarau, sai ki tsoma shi cikin labun, ki bar shi ya ɗan jiƙa ya yi laushi, ki shafe ko'ina da hannu, ki sake shimfiɗawa a rana a rufe. Wannan shanya ta biyu sai labun ya bushe a jikinsa, kin taɓa bai biyo yatsa ba.

Saura gashi, kuma kada ki tsallake shi. Rana tana busarwa ne kawai, wuta ce ke kashe ƙwayoyin cuta. Ki hura gawayi ko itace, ki jira harshen wuta ya mutu, saura jan garwashi. Ki ɗora waya, ki jera kilishin, kina juyawa, 'yan mintuna kaɗan sun isa. Da kin ji ƙamshin gyaɗa ya tashi, launinsa ya ɗan yi duhu, ki sauke. In kin juya baya kina hira, zai ƙone ya yi ɗaci.

Yanzu ga inda ni kaina na taɓa faɗuwa. Karon farko da na yi, ɗoki ya sa na ƙulle shi a leda da zafinsa, na ɓoye a ƙasan akwati don kada yara su gani. Bayan kwana 5 na buɗe, fari fat da fumfuna. Guminsa ne ya jiƙa shi. Cinya guda ta tafi a banza, ranar da ƙyar na iya haɗa ido da maigida. To in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ki bar shi ya huce sarai, sannan ki zuba a busasshen kwano mai murfi ko kwalba, a ajiye inda ba danshi. Ban da takardar jarida, ban da ta buhun siminti. Ki riƙa dubawa duk mako, in kin ji ya fara laushi ki mayar da shi rana ko ki ɗan gasa. Wanda ya yi fumfuna kuwa ba a kankarewa a ci, zubarwa ake yi.

Amfaninsa ba sai na faɗa ba. Baƙo ya yi sallama ba shiri, kina da abin fita kunya. Yaro zai koma makarantar kwana, ga guzuri. Ranar da cefane ya gaza, ki jiƙa falle biyu ki jefa a miya. Ƙananan yara da tsofaffi marasa haƙori kuma a daka musu a turmi, kada ya shaƙe su.

Wadda hannunta ya faɗa har take tunanin sana'a daga cikin ɗakinta, madalla, amma ta sani naman layya ba a sayar da shi, ko fatarsa. Na sayarwa sai a sayo a kasuwa. Ta fara da rabin kilo, ta rubuta abin da ta kashe, ta ga abin da ya fito.

To 'yan'uwa, lokaci ya yi halinsa. A yanka siriri, a busar sosai, a bari ya huce. Allah ya sa albarka a abin da muke ci, ya buɗa wa mazajenmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.