Rabi, Sulusi da Kwata: Lissafi a Harshen Klingon da a Bakin Hausawa

 

Akwai wani harshe da ake kira Klingon, wanda ba harshen uwa ba ne ga kowace al'umma. Wani masanin harsuna Ba'amurke, Marc Okrand, shi ya gina shi domin fim ɗin Star Trek na 1984, ya kuma fitar da ƙamusunsa a 1985. Ƙirga ba ta ba shi wahala ba: wa', cha', wej su ne ɗaya, biyu, uku. Har tarihi ya ƙaga wa masu harshen na cikin fim, wai da can uku-uku suke ƙirga kafin su koma goma-goma. Tarawa kuwa da kalmar boq ake yin ta, wato ƙulla ƙawance, tunda mayaƙa ne masu harshen: biyu ta haɗa kai da ɗaya, uku ta samu. Amma yadda za a faɗi biyu bisa uku, sai da masu koyon harshen suka daɗe suna jira kafin Okrand ya ba su kalmar loch, suka iya cewa wej loch cha'. Dalilin jinkirin a fili yake. Babu wanda ya taɓa raba gado ko ya sayi rabin mudun gero da Klingon.

Mu kuwa rabo ne ya koya mana. Kakanninmu da wuri suke ciniki, suna cewa gomiya biyu kafin ashirin da talatin su shigo daga Larabci. Har yau tsoho zai ce ashirin ba ɗaya, ga ɗebewa nan zaune cikin sunan lamba. Da Turawa suka kawo kuɗinsu, sule kwabo 12 ne, sisi rabinsa, taro rubu'insa, ahu kuma kwabo ɗaya da rabi. Mai tallan ƙosai da ba ta taɓa riƙe alli ba tana ba da canji da waɗannan ba kuskure, har ranar 1 ga Janairun 1973 da naira ta zo da kwabo 100. Kalmar kwata kuwa, wato rubu'i, ta tsira, ta koma agogo da teburin mahauci.

Inda abin ya fi zurfi shi ne zauren malamai. A ce mutum ya rasu ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya maza da mata. Matar tana da tumuni, ɗaya bisa takwas; mahaifiyar tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Malamin gado ba zai taɓa dukiyar ba sai ya nemo asalin mas'ala, lambar da takwas da shida duk za su raba ba saura, wato 24. Mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, sauran 17 na 'ya'ya. Malaman firamare, ba wannan ba ne abin da kuke fama da 'yan aji biyar a kansa da Turanci? Haka manomi ya san ushuri a hatsin damina da rabin ushuri a noman da ya sha wahalar ban ruwa, ɗan'uwansa Kirista kuma ya san ɗaya cikin goma da yake kaiwa coci.

Na san za a ce unguwarmu ta Kamazou ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Gaskiya ne, akwai Gbagyi da Bajju da Atyap da sauransu, kowa da harshen gidansu, kuma ban ce a ture na kowa ba. Sai dai a kasuwar Sabon Tasha Hausa ce ke haɗa yawancinmu wajen ciniki, yaro kuma da ita yake zuwa aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta yarda a fara karatu da harshen uwa ko na muhalli, Farfesa Babs Fafunwa ma tun 1970 ya gwada koyar da firamare da Yarbanci a Ife, lissafi na ciki.

Aikin da ya rage mana shi ne daidaita baki. Wani malami ya ce biyu bisa uku, wani ya ce kashi biyu cikin uku, wani sulusi biyu, duk daidai ne, amma yaro ya ɗauka abu uku ne daban. Roƙona ga shugabannin makarantun unguwar nan, ku zauna kafin zangon karatu mai zuwa ku tsayar da guda ta rubutu a allo, sauran a bar su a matsayin bayani.