Zafin Bazara: Ruwan Sama, Laima da Rufin Kwano

 

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan zafin bazara. Wani zai ce, ai tun kaka da kakanni ake zafi, me za a faɗa a kai? Gaskiya ne, amma zafin yana ƙaruwa. Masana yanayi sun tabbatar cewa tun da aka fara ajiye lissafi, shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi. A ranar 3 ga Afrilu na shekarar, 'yan kwanaki bayan Ista, ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ƙirga gawa 102 cikin kwana 4 na farkon watan, kuma da yawa daga cikinsu tsofaffi ne. Ko ƙasar masu kuɗi ba ta tsira ba, domin a watan Agusta na 2003 zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a Faransa.

Bari mu fara da randa, tun da kowace uwa a nan ta san ta. Me ya sa ruwan randa yake sanyi? Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, to bushewar nan ita ke ɗauke zafi. Da wannan dabara ce wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin ajiye tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Haka Allah ya yi jikinmu. Zufa tana fitowa, iska ta shanye ta, jiki ya tsaya a kan digiri 37 ɗinsa.

A watan Maris iskar da ke kaɗowa daga hamada busasshiya ce ƙayau. Rana tana ƙuna, amma zufa tana bushewa nan take, har mutum bai san yana zubar da ruwan jikinsa ba. Haɗarin wannan lokaci shi ne ƙishirwa. Daga tsakiyar Afrilu zuwa Mayu kuwa iska tana juyawa, ta taso daga teku a kudu, ɗauke da laima. Iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta iya shan zufarmu. Sai ka ga riga ta jiƙe sharaf, zufa tana ɗiga, amma jiki bai huce ba. Shi ya sa ranar da hadari ya haɗu bai zubar ba ta fi wahala, ko da ma'auni bai kai na jiya ba. Ku mata kun lura cewa a kwanakin nan ko randa ba ta sanyaya ruwa kamar da.

Ruwan sama kansa yana da nasa aikin. In ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta fito, yawancin ƙarfin rana yana ƙarewa wajen busar da danshi. In ƙasa ta bushe kuma babu ko tsinke a kanta, duk ƙarfin yana komawa cikin iskar da muke shaƙa. Wanda ya taɓa sauka fadamar rake ta ƙasar Makarfi da yamma, sa'an nan ya hau tudu inda aka ƙone gona, ya ji bambancin a fatarsa. Saboda haka in damina ta makara, zafi yana tsawaita. Yayyafin farko kuma sau da yawa ƙara gumi yake yi, domin bai isa ya sanyaya ƙasa ba, laima kawai yake bari. Sai ruwa ya zauna sosai ake samun sauƙi. Hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma faɗa a rediyo. Mu riƙa saurara.

Yanzu ga inda namu hannu yake ciki. 'Ya'yanmu da ke zuwa cin rani Zariya, Kaduna da Kano suna dawowa suna cewa dare a birni ba ya barcuwa. Ba ƙarya suke yi ba. Kwalta, bulo da siminti suna shan zafin rana yini guda, da dare su sake shi a hankali. Ga gidaje a cunkushe, iska ba ta da hanya, ga janareto, ga itatuwa an sare. Zafin dare kuwa yana kisa, gama jiki bai sami lokacin hutawa ba kafin wata rana ta fito. Yaron da ya yi acaɓa ko dako tun safe, ya kwana a shago mai rufin kwano da ƙofa a kulle, yana cikin haɗari ko da ƙarfinsa.

Abin da ke damunmu shi ne muna kwaso zafin birni muna kawowa ƙauye da kuɗinmu. Kowa ya sayar da masara ko rake, sai ya rushe ɗakin ƙasa ya yi na bulo da kwano, ba silin, da taga ɗaya kamar ta kurkuku. Ba mu ce kwano laifi ne ba, mun san wahalar yaɓe da baibaya kowace shekara. Amma magina na birnin Zazzau da suka yi soraye masu kaurin bango sun san abin da suke yi: ƙasa mai kauri tana jinkirin ɗaukar zafi. In za a yi kwano, a ɗaga rufin, a sa silin ko da na zana ko tabarma ne, a yi taga biyu masu fuskantar juna. Majami'unmu ma haka. Mun ga inda aka sare mangwaro da darbejiya domin a faɗaɗa gini, yanzu kuwa tsofaffi ba sa iya zama har ƙarshen sujada. Ko annabi Yunusa, da tsiron da ke ba shi inuwa ya bushe, sai da ya suma don rana.

Sa'an nan cunkoso cikin ɗaki marar iska a lokacin ƙura da zafi shi ke taimakon sanƙarau. Manyanmu suna tuna 1996, sa'ad da ta kashe dubban mutane a Arewa. In an kawo rigakafi, kada a ɓoye yara.

A sha ruwa tun kafin ƙishi. Burkutu da giya ba sa cikin lissafi, ƙara busar da jiki suke yi. Sharar gona da gayya a yi su da sassafe ko da la'asar. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai, amma a ba shi akai-akai, uwar kuma ta sha ruwa da yawa. In kuka ga mutum jikinsa ya yi zafi zau, yana sambatu ko ya faɗi, kada a tsaya ana cewa iska ce. A kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa shi da ruwa, a yi ta yi masa fifita har a isa asibiti. Kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa.

Muna roƙon zumuntar mata ta kowace ikilisiya ta rubuta sunayen tsofaffi da gwauraye masu zama su kaɗai, a riƙa leƙa su safe da yamma daga Maris har ruwa ya zauna. Matasa kuma ku shirya ramuka a gefen yamma na majami'a da na gidaje, inda ranar la'asar take bugu. Dashe sai watan Yuni ko Yuli, kuma kowane dashe a yi masa shingen ƙaya saboda awaki. Ikilisiyar da ke son dashen darbejiya ko mangwaro, sakatarenta ya same mu da suna da adadi kafin a watse yau.